Haihuwar Bunaji Ta Uku

Shafi na 11

Masu cewa na yi shiru, na ga saƙonku. Wuta ce babu a unguwa. Ga shi, kar a tambaye ni tsawo.

*

Hizbullahi bai ko sauke jakarsa ba ya gan ta.

Erdoo ce zaune a bakin tabarma a tsakar gidansu na Akurba, cikin baƙaƙen kaya. An ajiye mata ruwa a kofi, ƙuda na yawo a bakinsa, ba ta taɓa ba. 'Yar Baba Aondoakaa ce, Bativen nan mai cinikin doya, aminin mahaifinsu.

Hizbullahi daga Keffi yake. Bana ma bai samu gurbin jami'a ba. Tun daga Akwanga yake shirya yadda zai faɗa a gida, yana gyara maganar yana rushewa. Baƙin zanen nan ya share masa ita gaba ɗaya.

"Sannu da hanya, Hizbu," ta ce. "Baba ya tafi."

"Yaushe?"

"Ranan Talata. Yana mutuware yanzu."

Ya durƙusa a inda yake.

"Allah ya ba ku haƙuri, Erdoo."

"Amin."

Innarsu Usaina na zaune kan turmi, ta rufe rabin fuskarta da gefen mayafi. Yayansa Abdulkahar kuwa, wanda yake kira Hamma, a tsaye yake can gindin mangwaro, ya jingina da motar da ke lulluɓe da tamfol, hannu a aljihu. Da rana tsaka, ya baro shagonsa na magani a kasuwa. Wannan kaɗai ya isa a san ba lafiya.

Hizbullahi ya kai ido kan motar. Ƙullin igiyar tamfol ɗin ba nasa ba ne. Kuma wani abu a tsayuwarta bai yi masa ba, kamar ta ɗaga kai sama.

"Zauna," in ji Inna. "Maimaita masa, 'yata."

Erdoo ta gyara zama. A Lafia aka haife ta, Hausar kasuwa take yi, ba ruwanta da mace ko namiji a magana.

"Asabar za a kai shi gida, ƙauyenmu bayan Daudu. Kafin ya mutu ya riƙe hannuna. Ya ce, Erdoo, kar ku sa ni a ambulan kamar wanda ba shi da kowa. Ki je wajen Hammawa. Ki ce masa Bunaji zai kai ni."

Bunaji ita ce motar. Mahaifinsu, Baffa Hammawa, shi ya raɗa mata sunan saboda farinta, irin na shanun da ya taɓa kiwo. Fijo 404 ce doguwa, mai layin kujera uku, giyarta a jikin sitiyari. Da can irinta ne ke cika tashar Makurdi. 504 ta zo ta kore su, 'yan Beljiyam, motocin gwanjo, suka zo suka kori 504. Waɗanda suka yi saura aka yanke musu baya aka mai da su a-kori-kura, daga nan 'yan gwangwan suka ɗora su a sikeli. Yau, daga Akwanga har gadar Makurdi, babu wadda ke tafiya da ƙafarta sai wannan. In Hizbullahi ya fito da ita ranar Juma'a, 'yan acaɓa har rage gudu suke su yi kallo.

"Ba matsala," ya ce. "Ni zan tuƙa. In duba birki, in canza mata baƙin mai, shi ke nan."

"Ba za ta je ba."

Abdulkahar ne. Bai ɗago kai ba.

"Me ya sa, Hamma?"

"Na ce mata zan samo musu bas. Mai kyau, mai sanyi. Ni zan ɗauki nauyi."

"Ba bas ya ce ba," in ji Erdoo. "Ko kawunnaina sun ce in bar wannan magana, wai wa zai ɗauki gawa a tsohon kwano. Na ce musu ba ku aka riƙe wa hannu ba."

"To ki yi haƙuri. Na riga na yi magana da mutum a kanta."

Hizbullahi ya miƙe a hankali.

"Wace magana?"

"Kar ka tsaya min a kai, zauna."

"Wace magana, Hamma?"

Abdulkahar ya fitar da numfashi.

"Wani Alhaji ne a Jos. Yana da irinta, ta mahaifinsa, ta yi shekaru a zaune babu kayan gyara. Ya je Panteka, ya je Nnewi, har Kwatano ya aika. Babu. Sai wani direba ya ba shi labarin tamu."

"Hawa zai yi?"

"Nasa yake son hawa."

"To me zai yi da tamu?"

Abdulkahar ya kau da ido.

"Yanka ta zai yi," Hizbullahi ya ba kansa amsa. "Ya ciyar da tasa."

"Ka kira shi yadda ka ga dama. Kai da safe ka goge ta, ka tayar, Baffa ya ji ƙara ya yi murmushi, ka kashe. Aikinka ke nan. Maganin Baffa fa? Gashin ƙashin da ake masa fa? Wa ke yi? Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ka taɓa tambayata ina nake samowa? Ƙarfe ne, Hizbullahi. Tsatsa ke cinsa. Yau akwai mai so. Shekara biyu nan gaba ko kaji ba za su kwana a ciki ba."

Hizbullahi ya sunkuyar da kai. Babu ƙarya a maganar. Ko kuɗin motar Keffi daga aljihun Hamma ya fito.

"Abdulkahar."

Duka suka juya.

Inna ce. Ɗan farinta ne, kuma Bafulatana ce ta gaske. Tunda ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Kai ne, ko wancan, ko yayanku. Shi kansa sai da ya cire hannu daga aljihu.

"Ka sayar da abin da ba na ubanka ba."

"Inna, kamar ya?"

"Motar nan ba tamu ba ce."

"Ta wa ce?"

Ta nuna Erdoo da haɓa.

Erdoo ta girgiza kai. "A'a Mama. Baba ya ce min ya ba Baba Hammawa tun tuni."

"Ya ba shi. Amma ba irin bayarwar da kike nufi ba."

Inna ta sauke mayafin daga fuskarta.

"Kai kana goye a lokacin," ta ce da Abdulkahar. "Wannan kuwa ko labarinsa babu. Muna ruga a bayan Kwandere. Shekarar da ciwon bushiya ya shigo. Garken Malam, babanku, kaf ya kwanta. Da safe ka tashi ka tarar da wasu, da yamma wasu. Har ungulu suka ƙoshi suka daina sauka. Ta ƙarshe da ta faɗi, Malam ya zauna kusa da ita, bai ci ba bai sha ba. Na ɗauka binta zai yi."

Ta juya wajen Erdoo.

"Babanki ya zo, kamar yadda ya saba zuwa sayen nono in ya fito gona. Ya ga abin da ya gani. Bai ce sannu ba ma. Washegari ya dawo da motar nan. A lokacin ita ce idonsa, sabuwa ya saye ta, a cikinta aka kawo masa uwarki amarya. Ya ce, Hammawa, tashi. Shanu ya ƙare. Ga wani saniya mai shan fetur."

Erdoo ta yi wata 'yar dariya da hawaye. "Haka yake magana."

"Malam ya ce shi ba ya karɓar sadaka. Babanki ya ce ba sadaka ba ne. Malam ya ce to ba ya cin bashi. Suka yi ta ja, ni ina bukka ina ji. Can Malam ya ce hanya ɗaya ce. Sai dai in habbanaye za a yi."

"Mene ne shi?" in ji Erdoo.

"Al'adarmu ce. In ɗan'uwanka ya rasa dabba, ka ɗaura wa saniyarka igiya ka kai masa. Ya riƙe ta, ya sha nononta. Ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa ne. Sannan ya mayar maka da uwar. Ba a sayar da ita. Ba a yanka ta. Ko yunwa za ta kashe ka. In saniyarka da ita suka faɗa rami, ita kake fara cirowa."

Abdulkahar ya yi murmushin da bai kai ido ba.

"Inna, mota ce fa. Mota tana haihuwa?"

"Haka Aondoakaa ya ce, yana dariya har da riƙe ciki. Malam ya ce za ta haihu. Babanki da kansa ya koya masa tuƙi a filin makaranta. Bafulatanin da bai taɓa riƙe komai ba sai sanda. Ya kusa kashe musu akuya ranar farko."

Ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Ya yi ta jigila, Lafia zuwa Makurdi, Lafia zuwa Doma. Ranar da muka tare a gidan nan, ya ɗauki goro ya tafi wajen Aondoakaa. Ya ce ta haifi na fari."

Ta ɗaga na biyu, ta kalli Abdulkahar.

"Ranar da ka buɗe shagonka. Ka tuna ya ɓace da yamma, kana ta faɗa bai tsaya addu'a ba? Can ya tafi da goro. Ta haifi na biyu."

Abdulkahar ya kau da kai.

Yatsa na uku ba ta ɗaga shi ba. Ta dai kalli Hizbullahi, ta sauke ido.

Bai buƙaci a faɗa masa ba. Duk shekara in zai tafi Keffi, Baffa sai ya sa a sayo goro a ajiye a cikin buhun algarara. Duk shekara goron ya bushe a bayar. Shi ya ɗauka na sadaka ne.

"Ni yake jira," ya ce.

"Ya ce ranar da ka shiga jami'a, zai wanke ta da hannunsa ya kai wa mai ita."

"Shi Baba Aondoakaa bai taɓa cewa a ba shi ba?"

"Ko sau ɗaya. Shekarar rikici da su Aondoakaa suka bar gari, Malam ne ya kwashe su a cikinta, ya rufe su da buhunan gawayi. Da suka tsallaka iyaka ya miƙa masa makulli, ya ce riƙe kayanka, lokaci ya ɓaci. Aondoakaa ya ce a'a, saura ɗaya, ni ba na karɓan saniya da bai gama aiki ba. Da uwarki ta rasu, ita ta kai ta gida. Babanki ya zauna a baya kusa da akwatin har suka isa."

Erdoo ta share fuska da bakin zane.

"Shi ya sa," ta ce. "Ya ce min yana so ya kwanta inda Mama ya kwanta."

Abdulkahar ya taka ya dawo, ya taka ya dawo.

"Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya min?"

"Ka taɓa tambaya? Malam ba ya son a san yana riƙe da kayan wani. Kuma wa ya zaci ɗansa zai kai saniyar amana mahauta?"

"Inna, ni don shi na yi."

"Na sani. Je ka ce wa mutumin Jos an fasa."

Ya kai ido kan tamfol ɗin.

"Ka ji ni?"

"Na ji."

"To?"

Daga ɗaki aka ji ƙwanƙwasa. Sanda ce ake bugawa a jikin ƙofar kwano. Haka Baffa ke kira tun da harshensa ya yi nauyi.

Tagarsa a buɗe take. Ya ji komai.

Su biyu suka ɗauko shi a kujerarsa ta roba, Abdulkahar a dama, Hizbullahi a hagu. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Suka ajiye shi a inuwar baranda. Idanunsa sun yi yana, ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannu, amma kunnensa na hagu ko faɗuwar allura yana ji.

"Ina... 'yar Aondo?"

Erdoo ta matso ta durƙusa. Ya lalubi kanta da hannunsa mai rai, ya bar shi a nan. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya kawai, ɗayan ɓarin fuskar ko motsi.

"Ya riga ni," ya ce. "Kullum... gaggawa."

Sannan ya juya kai.

"Hizbullahi."

"Na'am, Baffa."

"Keffi?"

Duk maganar da ya shirya a hanya babu ko ɗaya da ta zo.

"Ba a samu ba, Baffa."

Tsohon ya jinjina kai a hankali. Bai yi tsaki ba, bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi sauƙi.

"Ba ta haihu ba," ya ce, kamar da kansa yake. Ya yi ta haɗa kalmomi. "Ba komai. Mai ita... ya kira. Ko da cikin... a mayar."

Ya cusa hannu a wuyan rigarsa. Makullin na nan inda yake kullum, a rataye da guntun dangwali, igiyar ɗaure maruƙa, abin da ya rage masa na garke. Ya yi ta fama ya cire ta kansa. Inna ta miƙo hannu, ya ture. Da ya samu ta fita sai ya damƙa wa Erdoo, ya naɗe yatsunta a kai.

"Ki ce masa... Hammawa ya mayar. Da ƙafarta. Ba ta rame ba."

"Zan gaya masa, Baba."

Ta juyo ta miƙa wa Hizbullahi. "Ni ban iya tuƙi ba. Kai za ka kai mu."

Ya karɓa. Igiyar da ɗumin jikin Baffa.

"Tayar," in ji Baffa. "Tun da ka tafi... ban ji ta ba."

"Batir ya sauka, Baffa," Abdulkahar ya yi saurin cewa. "Na gaya maka shekaranjiya. A bari sai gobe."

"A tura."

"Rana ta yi zafi. Gobe da safe zan kira yara."

"Tayar."

Hizbullahi ya riga ya nufi gindin mangwaron. Ya ji takun yayansa a bayansa.

"Hizbu. Tsaya mana."

Bai tsaya ba. Ya kama ƙullin da ba nasa ba ya warware. Ya ja tamfol ɗin ya zube ƙasa.

Tana nan fara tas, fitilunta biyu zagayayyu suna kallonsa. Amma gabanta ya tashi sama, tsakanin taya da jikinta har mutum ya sa kai. Motar da ke ɗauke da nauyinta ba ta tsayuwa haka. A ƙasa an barbaɗa sabon yashi, baƙin mai ya huda shi ya fito. Ya ɗaga ido. A babban reshen mangwaron, daidai saman bonet, ɓawon ya saɓule fari, irin saɓulewar da sarƙar makanikai ke yi in an rataya abu mai nauyi.

Ya zura hannu ta taga ya ja wayar bonet. Ya zagayo ya ɗaga.

Ƙasa ya gani. Ƙasar tsakar gidansu, da busasshen ganye, da wayoyi suna lilo a iska.

Babu inji.

Ya tsaya riƙe da murfin. Bai ji haushi ba ma.

Abdulkahar ya matso har numfashinsa na taɓa masa kunne.

"Ranar da na kai su Baffa asibiti aka zo," ya raɗa. "Gangar jikin sai wani sati. Wallahi ban sani ba, Hizbu. Da na sani ko madubinta ba zan taɓa ba."

"Kira shi ya dawo da shi."

"Na kira tun da yarinyar nan ta shigo. Sun riga sun farke shi. Ɗaiɗai. Rabin kayan na cikin tasa."

"A nemo wani."

"A ina? Mutumin da ya je har Kwatano bai samu ba?"

Hizbullahi ya kalli ramin. Yau Alhamis.

"Kar ka faɗa," in ji Abdulkahar, muryarsa na karyewa. "Likita ya ce in ciwon ya sake bugunsa, ba zai tashi ba. Ka rufa min asiri. Ka ce wani abu. Ka ce kafireto ne."

Ta gefen murfin bonet ɗin ya hango su. Inna ta miƙe daga kan turmi tana kallon fuskarsa, hannunta ya tafi ƙirji a hankali. Erdoo ta karkaɗe zanenta, ta taho wajen motar, tana cewa bari ta ga inda za a cire kujerun baya.

Baffa kuwa ya karkato kunnensa na hagu wajen mangwaron. Ya rufe ido. Rabin bakinsa mai rai ya riga ya fara murmushin nan na kowace safiya.

"Hizbullahi," ya ce. "Ina ji. Tayar mana."